Danja ba ta jiran tsoho

Masu saita danja suna da lissafinsu: mai tsallaka titi zai ci mita 1.2 a kowace daƙiƙa. Da wannan ma'auni aka daɗe ana aiki a Birtaniya. A shekarar 2012 masu bincike a wata jami'a ta Landan suka duba tafiyar 'yan shekara 65 zuwa sama, suka tarar kashi 76 cikin ɗari na maza da kashi 85 na mata ba sa iya wannan sauri. Matan, a matsakaici, mita 0.8 suke ci. Ke nan titi mai faɗin mita 15, wanda aka yanka masa daƙiƙa 12 da rabi, tsohuwa sai ta yi kusan 19 kafin ta kai gaci. Sauran daƙiƙa shidan a gaban motoci take yin su.

Mahaifina gwiwa ta fara cin sa, ido ma ya rage. In za mu tsallaka sai ya damƙe wuyan hannuna, sandarsa a ɗaya hannun, ina jin tafinsa yana gumi. Wata rana muna tsakiya aka saki motoci, wani direba ya danna mana ham kamar mun ci bashinsa. Da muka haye sai ya ce, "Gobe kai ka karɓo mini maganin." Tun daga ranar fitarsa ta ragu, abokan hirarsa na tsallaken titi sai dai waya. Wannan ya fi ci mini rai, don babu rahoton hatsarin da zai ƙirga tsohon da tsoro ya zaunar a gida.

Gadar sama kuwa ban ɗauke ta magani ba. Wanda taka dakali ke ba wuya, ina shi ina hawa matakala?

Gyaran ba gagara ya yi ba. A Singafo tun 2009 tsoho kan kara katinsa na shiga bas da jirgin ƙasa a jikin na'urar danja, a ƙara masa lokaci har daƙiƙa 13 a manyan tituna. Taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Sweden a 2020 ya nemi a tsaida gudu a kilomita 30 cikin awa inda mutane da motoci ke cuɗanya. Ni dai abin da na fi so in gani shi ne tudu mai faɗi a tsakiyar titi, inda Baba zai tsaya ya sarara, ya duba hannu ɗaya kawai kafin ya ƙarasa.