Abin da na koya wajen ɗaga katunan sadarwar sabobi zuwa gigabit 25

Aikin da aka damƙa mana shi ne mu ɗaga gudun sadarwar sabobin kamfani, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, daga gigabit 10 zuwa 25 a daƙiƙa, domin rumbun bayanai da kwamfutocin VM (kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin saba) da ke zaune a kansu sun cushe hanya. Sayen katunan bai ɗauke mu wani lokaci ba. Wahalar tana wajen duk abin da ke kewaye da katin.

Gurbin PCIe, wato ramin da ake soka kati a cikin saba, shi ne ya fara tare mu. Kowane layi na PCIe 3.0 yana ɗaukar kusan megabait 985 a daƙiƙa, don haka gurbi mai layi 8 yana ba da wajen gigabit 63. Wannan ya ishi kati mai baki biyu (wurin soka waya) na gigabit 25, amma ba zai ciyar da kati na gigabit 100 ba, shi sai layi 16. Abin haushin shi ne tsawon gurbi ba ya nuna yawan layukan da aka haɗa masa. Mun tarar da saba ɗaya da katinta ya zauna daram, fitila ta yi kore, amma layi 4 kawai yake samu. Babu wani saƙon gargaɗi da ya fito. Sai da na buga umarnin Linux na lspci -vv na gwada LnkCap, wato abin da katin zai iya, da LnkSta, wato abin da ya samu, sannan na gano inda gudun yake maƙalewa. Tun daga nan ba na rufe murfin saba sai na duba LnkCap da LnkSta.

Sai kuma batun FEC, tsarin gyara kurakuran da ke aukuwa a kan waya. A gigabit 10 kusan ba mu taɓa tunaninsa ba. A 25, wanda ƙa'idarsa ta IEEE 802.3by ta fito a 2016, dole kati da suwici, na'urar da wayoyin sabobi ke haɗuwa a kanta, su yarda a kan iri ɗaya: RS, ko BASE-R, ko babu gaba ɗaya. In suka saɓa, hanya ba za ta tashi ba, kuma mutum zai yi ta canza waya yana zargin ta lalace, alhali lafiyarta lau. Yanzu muna rubuta irin FEC ɗin a ɓangarorin biyu da hannu, ba ma barinsu su daidaita da kansu. Haka nan akwai katunan da ba sa karɓar kan fiba na SFP28, wato ɗan abin da ke haɗa wayar fiba da bakin kati, in ba na kamfaninsu ba ne, shi ya sa nake neman jerin waɗanda kati ya amince da su kafin a yi oda.

Inda na fi shan bayani ga shugabanni shi ne haɗa baki biyu su zama ɗaya. Da tsarin haɗa bakuna mai suna LACP ana ɗaure baki biyu na gigabit 25, sai kowa ya ce ai an samu 50. An samu, amma a jimla. Kowace hira tsakanin na'ura biyu tana bin baki ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kamar mota ɗaya a titi mai hannu biyu: faɗin titin ba ya ƙara mata gudu, yana dai ba wasu motocin wuri. Saboda haka kwafar babban fayil guda ba za ta wuce 25 ba. A ganina ainihin ribar haɗin ita ce kariya, kuma kariyar ba ta cika ba sai bakunan biyu sun fito daga kati daban-daban, sun kuma shiga suwici daban-daban. Kati ɗaya mai baki biyu in ya mutu, duka biyun ya tafi da su. Muna gwada wannan ne ta hanyar zare waya da hannu ana tsaka da tura bayanai, mu ga fakiti (ƙunshin bayanai) nawa suka ɓata kafin ɗaya bakin ya karɓa.

Manyan fakiti kuwa, wato ɗaga MTU, iyakar girman fakiti, daga bait 1500 zuwa 9000, mun bar su ga hanyar ma'ajiyar bayanai kaɗai. Na'ura ɗaya tak da aka manta a tsakiya ta isa ta sa ƙananan saƙonni su wuce, manya su ɓace. Gwajin ping -M do -s 8972 yana tona asirin wannan nan take.

Bayan hanya ta tashi, sai aka fara kukan cewa wata saba tana zubar da fakiti in aiki ya yi yawa, ga shi kuma hanyar ko rabi ba ta cika ba. Alƙaluman ethtool -S suka nuna katin ne ke zubarwa, saboda ma'ajiyar karɓarsa tana cika kafin furosesa ta kwashe. Mun ƙara girmanta da ethtool -G, muka kuma tabbatar tsarin katin mai suna RSS yana rarraba fakiti a kan layukan jira da yawa maimakon ya jibge su kan ƙwayar furosesa ɗaya. A saba mai furosesa biyu akwai ƙarin abin lura: kowane gurbin PCIe yana rataye ne da ɗaya daga cikinsu, kuma in manhajar da ke cin bayanan tana kan ɗayar, kowane fakiti sai ya tsallaka. Fayil ɗin numa_node na katin yana faɗa maka ɓangaren da yake.

SR-IOV ya burge ni, don yana raba kati ɗaya zuwa ƙananan katuna da kowace VM za ta riƙe kai tsaye, jinkiri ya ragu. Sai dai yana wahalar da ƙaurar da VM daga wannan saba zuwa waccan tana aiki. Mun ba 'yan ƙalilan da ke matuƙar buƙatarsa, sauran muka bar su a kan suwicin manhaja.

Manhajar da ke cikin katin da direban da ke cikin Linux, wato manhajar da ke sarrafa katin, kuwa tare suke tafiya, kuma ethtool -i yana nuna lambar kowanne. Muna ajiye jadawalin waɗanda aka gwada tare, mu sabunta saba ɗaya, mu bar ta ta yi aiki, sannan mu bi sauran. Sau da yawa sabuntawar ba ta kamawa sai an sake tayar da saba, wani lokacin ma sai an yanke wuta gaba ɗaya. A nan ne hanyar kula da saba daga nesa, irin iDRAC ta Dell ko iLO ta HPE, take da amfani. Ana iya sa ta raba baki da katin bayanai don a rage waya, amma in katin ya sake tashi, hanyar kulawar tana iya yankewa tare da shi a daidai lokacin da kake buƙatarta. Mu mun ware mata bakinta da suwicinta daban.