Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: A Cire Rabi ko a Cire Duka?

Makon jiya mun tsaya a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin tiyata a Gombe. Yau zan ɗan jingine labarina, domin tambayoyinku sun taru a kan abu ɗaya: wanda aka ce yana da ciwon dajin taroyid, me zai auna kafin ya sa hannu a takardar amincewa da tiyata?

Taroyid ita ce tsokar gaban wuya mai ɓangare biyu, wadda kumburinta muke kira maƙoƙo. Yawancin maƙoƙo ba daji ba ne, kuma dajinta da aka fi samu a hankali yake girma, yana jin magani.

Idan ƙullutun bai wuce santimita 4 ba, kuma bai bazu ba, likita kan iya cire ɓangare ɗaya kawai. Ragowar rabin yakan ci gaba da aiki, da yawa ba sa buƙatar ƙwayar da ke maye gurbin aikin taroyid. Sharaɗinsa shi ne zuwa hoton wuya a kai a kai, wani lokaci ma a sake aiki idan sakamakon naman da aka cire ya nuna haka. Cire duka yana sauƙaƙa bibiya da gwajin jini, amma haɗarinsa ya fi yawa. Jijiyar murya tana bi ta bayan taroyid. In ta taɓu, murya ta dishe, galibi ta dawo, wani lokaci ba ta dawowa. Ladan, malamin aji da mai talla a kasuwa, ku faɗa wa likita sana'arku tun kafin aiki. A nan bayan kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa, masu daidaita sinadarin kalsiyam. Idan sun wahala, leɓe da yatsu su riƙa yin kamar ana tsira musu allura, hannu ya ƙage. Wannan ba na jira ba ne, a kira ma'aikaciyar jinya nan take.

Wanda aka cire wa duka, shi da levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da taroyid ke samarwa, har ƙarshen rayuwa. Nan ne na ga mutane sun fi tuntuɓe. Da ruwa zalla ake sha, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam suna riƙe ta a hanji, a raba su da awa 4. Awara ma tana rage shigarta jiki. Da azumi a sha minti 30 zuwa 60 kafin sahur. Kada a ajiye ta inda zafi ke bugu. Bayan kowane canjin adadi, a yi gwajin jini na TSH, mai nuna ko adadin ya yi daidai, cikin mako 6 zuwa 8, domin in ƙwayar ta yi yawa tana kawo bugun zuciya da raunin ƙashi, in ta yi kaɗan kuma kasala da kumburi.

Sai ayodin mai ƙuna, wanda ake sha don ya kashe ragowar da wuƙa ba ta kai ba. Ba kowa ke buƙatarsa ba, kuma daga Gombe ko Bauchi sai an yi tafiya, Abuja ko Ibadan. Mako 1 zuwa 2 kafin sha ana barin gishiri mai ayodin, dunƙulen miya, kifin teku, gwaiduwar ƙwai da nono. Bayan sha, kwanaki a ɗaki kai kaɗai, nesa da yara da masu ciki, domin ƙunar da ke fita daga jiki na iya shafar na kusa. Baki kan bushe, ɗanɗano ya canja.

Mata ne suka fi ba ni tausayi a nan. Mai ciki ba ta sha. Mai shayarwa sai ta yaye aƙalla mako 6 kafin sha, kuma ba za ta mayar da wannan yaron nono ba. Ɗaukar ciki kuma sai bayan wata 6 zuwa 12. Sau da yawa ana iya jinkirta shan, don haka 'yar'uwa, ki zo da maigida wurin likita a tsayar da lokacin tare.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ɗakin tiyata.