Ranar da Kanun Labarin Firefox Send Ya Zaunar da Ni

A watan Yulin 2020 kamfanin Mozilla, mai manhajar Firefox, ya ɗauke Firefox Send daga intanet, wato kafar nan da ake loda fayil a tura wa mutum adireshi ya sauke. Ni aka miƙa wa labarin a wurin aikinmu. Gundarinsa bai ba ni wahala ba, kanun ne ya zaunar da ni.

Abokin aikina ya leƙo allon kwamfutata ya ce, "Malam, sa 'An Rufe Firefox' kawai, ka ga yadda za a yi ta dannawa." Na ƙi. Manhajar shiga intanet ta Firefox tana nan daram, reshe ɗaya aka sare. Kuma na san masu karatunmu: da yawa kanu kaɗai suke gani a Facebook ko a zauren WhatsApp, su tura gaba. Wani sai ya goge manhajarsa a banza.

Sai ya kawo na biyu: "An Yi wa Firefox Send Kutse". Wannan ya fi ba ni tsoro, domin ya yi kama da gaskiya. Babu wanda ya fasa kafar. Miyagu ne suka riƙa loda mata manhajoji masu cutarwa, suna aika adireshin ta imel. Fayilolin a kulle suke, ko kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki, ga kuma sunan Firefox a jikin adireshin, sai mutum ya saki jiki ya danna. Sauƙin da ya jawo mata farin jini, a aika gigabait 1 ba rajista, mai asusu kuma har 2.5, shi ɓarayin suka raɓa. In na ce kutse, duk wanda ya taɓa aika takardunsa ta nan zai kwana da fargabar an kwashe su.

Abin da na rubuta shi ne: "Mozilla ta dakatar da Firefox Send bayan an yi amfani da ita wajen yaɗa manhajoji masu cutarwa". Ya yi tsawo, amma kowace gaɓa tana da madogara. Dakatarwa ce a lokacin, tunda kamfanin ya ce zai dawo da ita bayan ya sa hanyar kai ƙorafi da tilasta shiga da asusu.

Ranar 17 ga Satumba aka sanar da cewa ta tafi ke nan. A nan ban sa dalili a kanu ba, domin ba ɗaya ba ne: akwai ɓarnar miyagu, akwai lissafin kuɗi, ga shi a watan Agusta kamfanin ya sallami ma'aikata kimanin 250. Zaɓar ɗaya zai zama ra'ayina ne, ba labari ba. Na sa "Mozilla ta ce Firefox Send ba za ta dawo ba", layin farko a ƙarƙashinsa kuma na amsa tambayar da na san za a yi mini kan makomar fayilolin da aka loda: dama can kafar ba rumbun ajiya ba ce, fayil ba ya wuce kwana 7 a cikinta.