Kuɓewar da Goggo ta hana ni tsinka

Shekara uku ke nan rabona da sayen irin kuɓewa, kuma ba wayona ba ne. Sai da na yi asarar damina guda cur tukuna.

A Pantami muke, cikin garin Gombe. Filin bayan ɗakina bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, sauran shukar duk a buhunan siminti take. Shekarar farko, duk kuɓewar da ta yi kyau tukunya ta tafi. Da ruwa ya ɗauke sai na tattara ragowar, 'yan ƙanana masu lanƙwasa, na ɓare na ƙulle a leda. Da na kwance a watan Yuni rabi ya yi funfuna, rabin da ya tsiro kuwa ya haifo mini irin iyayensa, tsamurarru.

A daminar ce Goggo ta zo daga Deba ganin jikoki. Ta zaga lambun, ta ji labari, ta riƙe baki. "Ke 'yar nan, ragowar tukunya kike shukawa?" Ta yagi bakin tsohon zani, ta bi ta ɗaura a gindi uku, waɗanda suka riga saura fure, ganyensu ba tabo. Ta ce, "Waɗannan ba na miya ba ne, ko baƙi kika yi." Wallahi ya yi mini ciwo, don su ne idona ya fi so. Ga shi kuma idan aka bar kuɓewa ta tsufa a jikin uwa, uwar kan rage haihuwa, shi ya sa ake ware gindi kaɗan a sallama su gaba ɗaya. Na bar su har suka bushe suka fara tsagewa, in ka girgiza ka ji kacau-kacau. Ita Goggo ba ta ɓarewa, haka take rataye su a madafa inda hayaƙi ke bugunsu. Ni gas nake girki da shi, don haka nakan ɓare in shanya a inuwa mako guda, iskar hunturu ta ƙarasa aikin.

Tumatir ya fi ba ni wahala. Na taɓa sayo wasu manya jajur a kasuwar Kwadon, na ce ai na samu iri. Abin da ya fito ya ba ni dariya: wani dogo, wani kamar gauta, babu wanda ya ɗauko uwar. Wani maƙwabcinmu da ya yi karatu a kwalejin aikin lambu ta tarayya da ke Dadin Kowa ya ce mini mai yiwuwa irin da aka yi wa aure ne, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa. Shukar farko ce kawai ke fitowa bai ɗaya, jikokin sai kowa ya kama gabansa. Tun daga nan na koma ɗan ƙaramin tumatir na gida, mai tsami.

Maƙwabcin nan ne ya koya mini jiƙon irin tumatir. A zaɓi wanda ya nuna sosai, a matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, a rufe da tsumma kwana biyu zuwa uku har farin kumfa ya taso. Wannan ruɓewar ce ke cire yauƙin da ke hana ƙwayar tsirowa. Da zafinmu na Gombe kwana biyu sun isa, na taɓa yin huɗu na tarar sun fara tsiro a cikin kofin. A zuba ruwa, masu kyau su nutse, a tsiyaye na sama, a baza a faranti. Kada a baza a takarda, mannewa suke yi. Warin dai, maigida har yau bai saba ba.

Tattasai kuma ƙudan zuma ne suka yi mini aika-aika. Na shuka shi gab da barkono, suka kwaso garin furen barkonon suka kai masa, shekara ta zagayo na samu tattasai mai yaji, yara suka ƙi miyar. Yanzu ɗaya daga cikinsu kawai nake shukawa in ɗauki irinsa a kowace shekara.

Alayyahu, ɗoɗɗoya da yakuwa ba su da rigima, kan ya bushe a kakkaɓe a kwano a sheƙe. Na'a-na'a reshe ake dasawa. Albasa na bar wa masu ita, irinta ba ya jure ajiya fiye da shekara.

Wurin ajiya, kwalba mai murfi na fi yarda da ita, da tankaɗaɗɗiyar toka da busasshen ganyen maina saboda ƙwari. Kafin in rufe sai na ciza ƙwaya ɗaya: in ta ƙarye ƙas ta bushe, in ta lotsa a koma shanya. Ina rubuta suna da shekara, don kwalbar 2023 da ban rubuta ba har yanzu ban san ko rama ce ko yakuwa ba. Watan Mayu kuma nakan jera ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, in 7 ko 8 suka tsiro sai in shuka da kwanciyar rai.

Bana awaki sun fasa dangar Goggo sun cinye mata kuɓewa tas. Ranar Juma'a na aika mata da cikin kwalbar man shafawa ɗaya. Ta bugo waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Daga gindin da aka ɗaure kika ɗebo, ko ragowa ce?"