Ayabar da ake sa wa rigar sanyi

Asabar. Hazo ya rufe Gombe tun asuba, sai da hantsi na kama hanyar Dadin Kowa zuwa lambun Kawu. Na tarar da shi yana ban ruwa, rawani har kunne. Iskar hunturu ta yayyaga ganyen ayabarsa, nonon da ya fito tun watan jiya kuwa ya ƙi cika. Ya ce halinta ke nan, sanyi na shigowa sai ta tsaya cak. Haka ne kuwa, idan sanyin dare ya yi ƙasa da digiri 14 a ma'aunin Celsius girmanta kusan tsayawa yake.

Muna shan kunu sai ga hoto ta WhatsApp daga Yaya da ke Ingila. Ayabar maƙwabcinsa ce a bayan gida. An sassare ganyen, an kewaye jikinta da ragar kaji, an cusa busasshiyar ciyawa, sannan aka lulluɓe ta da ƙyalle. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ayaba ce ko mai jego?"

Musa basjoo ake ce mata, ayabar daji ce, asalinta kudancin Sin, amma ta Japan Turawa suka san ta. Daren farko da raɓa ta daskare, ganyen zai yi baƙi ya langaɓe. Jikin ma ba ya daɗewa, domin abin da muke kira kututture ba itace ba ne, gindin ganyaye ne suka nannaɗe juna, cike da ruwa. Ruwan na zama ƙanƙara sai ya farfasa shi daga ciki. Amma ranta yana ƙarƙashin ƙasa, a dunƙulen gindin da sababbin tsirrai ke fitowa daga jikinsa. In an jibga masa ciyawa yana jure sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, gari na ɗumi ta sake tohowa. Lulluɓin nan don a tsirar da tsayinta ne kawai, kada ta faro daga ƙasa kowace shekara. Akwai kuma wata daga Sikkim, a tsaunukan arewacin Indiya, ita ma tana da juriya, sai dai ba ta kai wannan ba.

Inda muka saɓa da Kawu shi ne da na ce ba a cin 'ya'yanta, ƙanana ne, duk ƙwallaye. Don ado ake shuka ta. Ya ajiye ludayi.

"To wahalar ta mece ce?"

Ni dai ban ga laifinsu ba. Mutumin da zai yi watanni bai ga rana sosai ba, in ya leƙa taga da bazara ya ga faffaɗan koren ganye ya fi shi tsayi, ai ya ci ribarsa. Kawu bai gamsu ba. Ya ce in tambayi Yaya ko maƙwabcin nan yana kiwon awaki, ko ganyen ma asara yake tafiya. Na tura saƙon yadda ya faɗa.