Waya guda ta ishi aji guda

Salamu alaikum ƴan uwa malamai, musamman mu na kolej. Yau maganata a kan waɗanga aplikasiyo ne na gwajin yara da ake ta yayinsu, su Kahoot da Google Forms da Plickers, don kusan duk formasiyon da anka kira mu sai an kawo su, a haska a bango kowa ya tafa, washegari mu koma aji mu ci gaba da abin da munka saba tunda ba mu da abin haskawa, wani ajin ma ko wurin jona waya babu. Ni lissafi nake koyarwa a sizyam da sankiyam nan Tahoua, kuma ina ganin akwai abin ɗauka a ciki, amma ba ta inda ake nuna muna ba.

Mu fara da abin da ke damun mu. Ka gama darasi ka ce "kun gane?" aji duka ya ce "wi mushe", ka wuce. Sai ranar duwar ka kwashi takardu sama da 70 ka kai gida, ga zafi ga wuta tana zuwa tana tahiya, kafin ka gama gyara ka maido musu an yi sati biyu, kun riga kun shiga wani babi. Yaro ya duba ya ga 6 bisa 20, ya ninke takarda ya sa a kaye, shi ke nan. Wanga ai ihu bayan hari ne. Kuma yaran nan da raunin sunka zo muna tun daga firamare, binciken PASEC na 2014, wanda ke auna matakin karatun ɗalibai a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake so ba a karatu, na 2019 ya nuna an ɗan ɗaga amma duk wanda ke riƙe da sizyam ya san inda ake. To idan ba ka san ainihin inda yaro ya maƙale ba da me za ka shirya darasin gobe?

Kahoot daga Norway ya hito a 2013, kuma wallahi yana da daɗi, da kiɗa da tsere da maki, amma yana son waya a hannun kowane yaro ko kowane rukuni da koneksiyo mai ƙarfi. A ajinmu wa ke da waya, kuma ko yana da ita an hana shigowa da ita. Banda haka yana ba wanda ya fi sauri maki da yawa, alhali yaron da nake nema shi ne wanda sai ya juya tambayar daga Faransanci zuwa Hausa ko Tamashek a cikin kansa kafin ya fara lissafin. Google Forms kuma ya fi dacewa da ƴan lise da ƴan jami'a, a tura musu ta WhatsApp su amsa a gida, shi da kansa zai gyara ya hiddo maki. Na bar su nan.

Wanda ya yi mini shi ne Plickers, don waya guda kawai yake so, ta malam. Kowane yaro ana ba shi kati na takarda mai wani baƙin zane mai kusurwa huɗu, kowane gefe da harafinsa, A, B, C, D, an rubuta su ƙanana yadda na kusa da kai ba ya iya leƙawa, kuma zanen kowane kati daban yake, da lambarsa da ka haɗa da sunan yaro. Ka rubuta tambaya a tablo da alli da amsoshi huɗu, yaro ya juya katinsa harafin da ya zaɓa ya koma sama ya ɗaga, kai kuma ka bi ajin da kamarar waya daga wanga gefe zuwa wancan, nan take ka ga mutum nawa sunka ce A nawa sunka ce C da sunan kowa. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san wanga tsari, shi ne dai na La Martinière da ake yi da ardwaz a lissafin ka, malam ya buga tebur kowa ya rubuta, ya sake bugawa kowa ya ɗaga. Bambancin biyu ne, ba a iya kwafar na maƙwabci, sannan waya tana ajiye amsar, da dare ka buɗe ka duba a natse.

Katin 63 ne iyaka, don haka a babban aji nakan haɗa wasu biyu-biyu a kati guda, kuma hakan bai ɓata komai ba don sai sun yi shawara kafin su ɗaga. A manna katin a kan kwali, kada a sa mishi leda mai ƙyalli, haske na sa kamara ta kasa karantawa. A tsarin Plickers na kyauta tambaya 5 ce a jeri guda, ta isa. Yana son intanet, don haka ina shigar da tambayoyi tun daga gida kuma ina tabbatar da ina da ɗan forfe da caji kafin in hito.

Amma duk wanga ba shi ne aikin ba. Aikin yana wurin rubuta amsoshin da ba daidai ba, a nan nake ɓata lokaci fiye da komai. Ɗauki 1/2 + 1/3. Amsa 5/6 ce. Idan sauran ukun ka zuba su hakanan da ka, abin da za ka sani kawai shi ne wane ya ci wane ya faɗi. Amma ka sa 2/5 a ciki, duk wanda ya ɗaga ta ka san ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ka sa 2/6, wanga ya ji labarin sai an nemo 6 a ƙasa amma bai taɓa na sama ba, ke nan ya yi rabin hanya. Ka sa 1/6, wanga ninkawa ya yi. Mutum uku duka sun faɗi amma ciwon kowa daban, kuma ba magani guda za ka ba su ba. Haka in ka tambayi wanne ya fi girma tsakanin 0,3 da 0,25, za ka sha mamakin yawan masu cewa 0,25 don a idonsu 25 ta fi 3. Irin wagga tambaya ita ke gaya mini abin da zan koyar gobe. In mutum kaɗan ne sunka kuskure in wuce, in kira su gefe lokacin da sauran ke aiki. In rabin aji ne ke kan 2/5 to fish ɗin darasin da na shirya sai ta jira, gobe mu zo da takarda mu yanka rabi mu yanka kashi uku su gani da idonsu cewa rabi kaɗai ma ya fi 2/5, to ta yaya za ka ƙara wani abu a kan rabi ya ragu?

Abin da ya fi raya aji kuma shi ne kada ka faɗi amsa da wuri. Wani malamin fiziks na jami'ar Harvard a Amurka, Eric Mazur, shi ya yaɗa wanga salo tun farkon shekarun 1990, a yi zaɓe, in kai ya rabu a ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, sannan a sake zaɓe. Ni nakan ce musu aji ya rabu tsakanin A da C, minti biyu, ku yi gardama, kuma na yarda su yi ta da Hausa. Nan za ka ji ajin ya ɗauki hayaniya amma ta lissafi, yaron da ya gane yanzu-yanzu yakan fi ni iya bayani don bai manta inda abin ya ɗaure mishi kai ba. Kuma ƴan matan da ke bayan aji, waɗanda shekara na iya ƙarewa ba su ɗaga yatsa ba don kunya ko tsoron a yi musu dariya, da kati dole kowa ya amsa kuma ba wanda ya san abin da wani ya ce. A nan na gano wasu daga cikinsu sun fi masu surutun gaba fahimta nesa ba kusa ba, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Roƙona guda, don Allah kada a mayar da shi abin bada maki. Ranar da yara sunka ji zai shiga mwayen, ranar za su koma neman amsa ta kowace hanya, kai kuma ka rasa gaskiyar da kake nema. Kuma kada a riƙa kiran sunan wanda ya faɗi a gaban aji. Ni ko cikakken suna ba na sawa a ciki, sunan farko da harafi guda ya isa, tunda bayanan a wata ƙasa ake ajiye su kuma ɗiyan mutane ne amana a hannunmu. Sannan zaɓi cikin huɗu ba ya nuna ko yaro ya iya rubuta hujja layi bayan layi, don haka duwar da kaye suna nan daram.

Wanda ba shi da babbar waya ko forfe ya gagara, ya sa yara su rubuta A, B, C, D a ardwaz ko a ƴan takardu huɗu, ya ƙirga da ido, tambaya mai kyau za ta yi aikinta. Abin da ya fi wuya shi ne tara tambayoyin, mutum guda ba ya iyawa da yawan awoyin da ke kanmu. Shi ya sa nake so a taron UP mai zuwa, wato haɗuwar da malaman fanni guda ke yi, malaman lissafi mu raba babi-babi, kowa ya kawo tambaya 5 da bayanin kuskuren da ke bayan kowace amsa, mu zuba a gurup ɗinmu na WhatsApp. Ni na ɗauki fraksiyo da desimal na sizyam, ana neman mai ɗaukar jewometri.