Kalmar da na daɗe ina tsallakewa a labaran yaƙi

Ƙannena, na yi shekaru ina sauraron labaran yaƙi kamar mai bin sakamakon wasa, ina zaɓar ɓangare, ina murna idan aka ce an ƙwace gari. Idan aka sanar cewa mutum kaza sun mutu, kaza sun jikkata, adadin farko kaɗai kunnena yake riƙewa, domin a ganina wanda ya jikkata ya tsira ke nan, za a ɗaure masa rauni ya koma cikin iyalinsa. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi na biyu.

Wani abokina na ƙuruciya ya dawo daga fagen daga babu ƙafar hagu, bayan ya taka nakiya. Ranar da na je duba shi, maimakon in tambayi yadda ya kwana, sai na matsa masa ya ba ni labarin artabu, ina ta kiransa jarumi, shi kuwa ya dube ni bai ce uffan ba. Daga baya matarsa ta shaida mini cewa ba ya samun barci, ƙarar rufe ƙofa ma tana firgita shi, kuma ƙafar da aka yanke tana yi masa zogi cikin dare, domin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da jin gaɓar da babu ita. Na je sau uku, shirunsa ya yi mini nauyi, na ɗauke ƙafa daidai lokacin da sauran masu dubiya suka watse. Har yau wannan yana damuna.

Nadama ce ta sa na koma karatun tarihi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojojin da suka jikkata sun kai kimanin miliyan 21, fiye da ninki biyu na sojojin da suka mutu. Da aka zo sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Versailles a 1919, firaministan Faransa, Clemenceau, ya sa aka kawo sojoji biyar da yaƙi ya lalata wa fuska, domin masu riƙe da alƙalami su ga abin da aka aikata. Duk da haka, shekara 20 kacal aka yi wani yaƙin ya ɓarke. Ciwon firgici da ke bin soja gida kuwa, sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya shi cikin jerin cututtuka a hukumance, alhali a yaƙin farko akan zargi masu fama da shi da ragwanci.

Saboda haka, idan kuka ji wani yana zuga a tafi yaƙi, ku tambaye shi wa zai tura keken wanda ya dawo gurgu, wa zai ciyar da 'ya'yansa, wa zai riƙa canza masa ƙafar roba duk 'yan shekaru har ya tsufa. Kada ku ara wa mai zuga bakinku kamar yadda na yi. Idan kuma kuna da soja mai rauni a kusa, kada ku nemi labarin fagen daga a wurinsa, kuma ku fi yawaita zuwa bayan wata shida, lokacin da gidan ya yi tsit.

Ni sai bayan shekara biyu na sake taka ƙofar abokina. Ya karɓe ni, ya nuna mini wurin zama, kuma har yanzu bai taɓa tambayata inda na shiga ba.